Mun Ƙetare Iyaka Saboda Kukar Inna

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Ƙawata Maryama ta kira ni daga Isa har cajin wayarta ya ƙare, 'yan ajinmu na sakandare kuma kowace da abin da ta ji. Wata ta ji an ce 'yan bindiga sun tare mu. Wata ta ji an ce na suma. Wata ma, Allah ya shirye ta, ta ji an ce miji aka kai ni in gani. To ga shi za ni rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Ba wanda ya tare mu, ba mijin da na gani, kuma ban suma ba. Kwanciya dai na yi, za ku ji dalili.

Sai na fara da abin da ya kai mu, in ba haka ba za ku ce mahaukata ne mu. Akwai wata kuka a gonar kakanmu, gabas da garinmu ta hanyar Tsamaye. Tun yana da rai ya ba Inna, mahaifiyata, kukar nan kyauta. Da ya rasu magada suka sayar da gonar ga Alhaji Mamman mai albasa. Kun san yadda abin yake a wajenmu, gona daban, icce daban. Kowa ya san kukar ta Inna ce, shi ya sa ranar cinikin ba wanda ya ga dalilin faɗa. Tun rasuwar Baba kuwa da ganyenta muke miya, da garinta Inna take zuwa kasuwa, ita ta saya mini takalmin makaranta har na gama.

Sai abin nan ya same mu, ranar da 'yan bindiga suka shigo garinmu da babura da hantsi. Ba za ni ba da labarin ranar ba. Abin da ya biyo baya shi ne samari suka ɗauki gatura suka bi itatuwan da ke kewaye da gari, wai don a riƙa hango nesa. Tsamiya, aduwa, marke, duk suka kwanta. Inna kuwa tun daga ranar ba ta sake taka hanyar gona ba, ni nake bin matan unguwa mu tsinko ganye da sassafe mu dawo a guje. Bana sai Alhaji ya ce ma'aikatansa sun ƙi aiki kusa da kukar, don haka zai kayar da ita. Mata suka yi ca, aka je gaban Maigari. Maigari ya ce ya gaji da shari'ar icce ɗaya-ɗaya, a rubuta doka ta gari duka. Kafin nan kada a taɓa kukar. Amma in ruwan farko ya sauka ba doka, to mai gona ya yi yadda ya ga dama da gonarsa.

Aka zauna, aka tashi, aka sake zama, ba a rubuta ko bisimilla ba. Sai Kawu Bawa, yayan Inna, wanda da hannunsa aka sayar da gonar kuma abin yake cin ransa, ya ce ai danginmu na ƙetare, can arewa da Tsibiri, sun daɗe da irin wannan doka, a je a aro. Aka zaɓe shi, aka zaɓi Malam Sahabi na Islamiyya, ɗan gidan malamai daga Bafarawa, don ya duba kada a kwaso abin da ya saɓa wa shari'a. Ni kuma aka ce in bi su, don ni ce mai boko, kuma Gwaggo Hassi ƙanwar Baba can take aure. Ni da ko tukunya ta faɗi a madafa sai na nemi ƙarƙashin gado. Na ce ba za ni ba. Inna dai ta ci gaba da tankaɗen garin kuka. Sai na je na ɗauko hijabina.

A Sabon Birni muka jira ranar kasuwa don mu shiga ayari. Ku da kuke bin hanyar Isa kun san yadda tafiyar take: kowa ya sa tsofaffin tufafi, direba ya kashe rediyo, in mota ta taho daga gaba ya rage gudu ya miƙa kai ya ce, "Yaya baya?" a ce masa, "Lahiya lau," sai kowa ya saki numfashi, can a sake riƙe shi. Malam Sahabi ne kaɗai yake magana. Ya yi mana nasiha a hankali, da muryarsa mai sanyi, cewa mumini ba ya firgita, ko ya ga abin tsoro sai ya natsu ya yi addu'a. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Ku riƙe ta.

Inna ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa Gwaggo. Kawu ya karɓa don ya taimake ni, ya ajiye a kujera, ya manta, ya zauna a kai. Rana ta yi zafi, tagogi kuma a rufe don tsoro. Can sai wani dattijo a baya ya ce, "Jama'a, wa ya mutu cikinmu bai hwaɗi ba?"

Wata mata mai goyo ta ce, "Ku bar ta nan. Ko sun tare mu, sunka buɗe ƙohwa za su ce mu wuce."

Dariya ta ƙwace mana, irin wadda kake yi kana toshe baki kana duban daji. Kawu ya ɗaga ya duba ƙarƙashinsa, ya koma ya zauna da mutuncinsa, ya ce ai gara ta daɗa nuna.

A iyaka na ɗauka za a yi mana dogon bincike. Na fito da katina na ɗan ƙasa tun daga nesa, na riƙe da hannu biyu. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo baƙi da bindiga a kafaɗa, ya dubi zanen Gobir da ke fuskar Kawu, sai ya daka tsawa: "Kai Bagobiri! Wa ya kwance ka?"

Sai na ji Kawu ya ce, "Ka ga ubangidanka ka tsaya kana tambaya? Zo ka ɗauki jakata, bawan banza."

Na ce a raina, shi ke nan, Kawu ya kashe mu. A wajenmu wa yake yi wa mai bindiga irin wannan magana? Ashe Bazabarme ne, kuma a can Zabarmawa abokan wasan Gobirawa ne, kamar yadda muke yi da Yarbawa. Suka yi ta musun wane ne bawan wane, har jandarman ya sunsuna iska ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa ƙudajen Nijeriya suka biyo mu. Ya tambayi abin da ya kawo mu.

Kawu ya ce, "Aron doka munka zo."

"Doka? Gobirawa da doka? Ta mi?"

"Ta icce."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Suka yi dariya har ɗayan ya dafa mota. Sannan ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya ce wa Kawu ya sha a hankali, don ya san bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Ni kuma ya duba katina ya ce, "Sannu, madmazel." Wai 'yan mata ke nan. Har muka bar wurin ina ta maimaita madmazel a raina ina jin kaina wata iri.

Daga nan sai babura. Ni a bayan wani ɗan kabu-kabu, Kawu da Malam a bayan ɗayan, muka shiga hanyar yashi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne itatuwa. Ni da idona ya saba da kututture, ga gawo nan a tsakiyar gonaki, nan ɗaya can ɗaya har iyakar gani, kore shar a tsakiyar bazara, ga ƙanana suna tasowa an ɗaura musu tsumma don kada mai sharar gona ya sare. Wani zai ce abin sha'awa. Ni kuwa kowane icce na gani lissafi nake yi, mutum nawa zai ɓoye.

Muka sha wata kwana. Sai ga babura a jere a ƙarƙashin wani babban gawo, a tsakiyar daji, ba gida ba rijiya. Na ɗaga kai. Maza a kan rassa, fuskokinsu a naɗe da rawani, wani abu yana walƙiya a hannunsu. Ɗaya ya yi fito.

Ku gaya mini, ku 'yan ƙasarmu, babura a jere a gindin icce, ma'anarsa nawa?

Na kwarma ihu, "Ga su nan!" na diro daga babur yana tafiya. Yashi ne ya cece ni. Babur ɗin su Kawu ya yi tangal-tangal ya kife. Malam Sahabi, mai nasihar natsuwa, ya tattare rigarsa har ƙugu ya yanki gona. Wallahi ban san malamai suna gudu haka ba, kunya uku-uku yake tsallakewa. Kawu kuwa da ya ga ba zai iya gudu ba sai ya shiga tuɓe babbar rigarsa, ya yar da hula, ya tura wayarsa cikin yashi da ƙafa, yana ɗaga hannu yana cewa, "Talaka na! Ba ni da kowa! Ko akuya ba ni da!"

'Yan kabu-kabun suka tsaya baki buɗe. Mutanen kan icce kuwa abin da suka gani shi ne babur ya kife da baƙi, don haka suka diro suka taho a guje su taimaka, kowa da gatarinsa a hannu, don ba wanda ya tuna ya ajiye. Da na hango haka sai na kwanta rub da ciki a tsakanin kunya biyu, na ja hijabi na rufe kaina, na shiga kalmar shahada. Ina jin ƙafafu suna matsowa. Suka tsaya a kaina. Na ji wani ya tsuguna, ya ɗan ɗaga bakin hijabin.

"Subhanallahi. Wagga ba ɗiyar Abdu ba ta? Zulai?"

Baba Issufu ne, mijin Gwaggo Hassi, wanda ya zo mana ta'aziyyar mahaifina Abdu. Shi ne shugaban masu kula da itatuwan garin, komite suke ce musu. Ranar ce aka yarda a sassabe rassan gawo don dabbobi, rawanin kuma don ƙaya da ƙaiƙayi ne. Wato mutanen da muka keto daji muka ƙetare iyaka don mu gani, su muka gani muka watse.

Dawo da Malam shi ya fi wuya. Wani ya hau babur ya bi shi don ya ce masa ya dawo lafiya ce, shi kuwa da ya ji babur a bayansa sai ya ƙara mai. Sai da suka yi zagaye a gonar wani bawan Allah kafin ya ji ana kiran sunansa. Ya dawo da takalmi ɗaya, yana haki, ya ce shi dama taimako ya tafi nemowa.

Aka yi dariya, aka yi dariya. Wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Kawu yana tonon yashi yana neman wayarsa, Baba Issufu yana ce masa, "Bawa, ina shanun nan naka biyu? Yau ko akuya babu?" Ni ma ina ta ƙyaƙyatawa, na kasa tsayawa. Sai wata tsohuwa da take tsintar 'ya'yan gawo ta ajiye kwandonta ta zo ta zauna kusa da ni, ta kama idon sawuna ta riƙe gam. Ta ce, "Ku bari haka nan. Ba ku ga ƙahwarta ba?" Ashe ƙafata tana ta bugun ƙasa ita kaɗai. Tsohuwar ba ta sake ni ba sai da ƙafar ta tsaya.

Gidan Gwaggo katangarsa ko kafaɗata ba ta kai ba. Yara suka kewaye ni suna "Tanti, Tanti," na waiga ina neman Tantin, ashe ni ce, haka suke cewa anti. Labarinmu ya riga mu shiga gari, duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Ina wadda ta kwanta?" Aka kawo fura a ƙwarya wadda za a iya yi wa jariri wanka a ciki, nonon ya fi geron yawa, ana zagaya ludayi ɗaya. Aka kawo dambu da zogale, zogalen ya fi dambun yawa. Aka kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, na gatsa sai da na ji a kunnena. Gwaggo ta ce ba a yi masa haka, jiƙa shi ake yi. Shayinsu kuwa a ɗan kofin gilashi kamar na magani, baƙi, ɗaci, na shanye don kunya, sai ga na biyu, sai ga na uku. Zuciyata ta kama tsalle, na yi ta surutu, har na ba matan labarin yadda Malam ya tsallake kunyoyi, na tashi na gwada musu. Allah ya yafe mini, malamina ne.

A tsakar gida suke kwana, ƙofa a buɗe. Da asuba na farka na ga Gwaggo a tsaye tana kallon ƙafafuna. Da takalmi na kwana, da hijabi, kamar yadda muke yi a gida. Ta je ta kawo mini ruwan alwala. Ta ce su ma ba wai sun tsira ba ne, garuruwan kudu da su suna gani, akwai ma waɗanda suka gudo suna zaune a bayan gari. Ta ce, "Amma nan ki tuɓe takalmi, ɗiyata. In an tashi gudu ni ka tashe ki."

Da hantsi muka zauna don aikin da ya kawo mu. Na fito da biro, na gyara zama, na ce a kawo dokar in kwafa. Baba Issufu ya shiga ɗaki ya fito da takarda a cikin leda, da hatimin hukuma a ƙasa. Na karɓa, na duba, na juya ta, na sake dubawa. Haruffan duk na sani, wasu dai an sa musu 'yan huluna, amma ko kalma ɗaya ba ta yi mini sallama ba. Faransanci ne.

Kawu ya ce, "Karanta muna mana."

Na ce, "Kawu, ba irin bokonmu ba ne."

Ya dubi Malam ya ce, "Ka gani? Mun ɗauko mai boko tun daga gida, ashe bokon bai da katin ƙetare iyaka."

Baba Issufu ya karɓi takardarsa ya mayar cikin leda. Ya ce, "Kada ki damu, mu ma ba mu karanta ta. Wagga ta hukuma ta, don in malaman daji sunka zo. Tamu a gona take. Yau akwai tsayuwar icce, ku taho ku gani."

Tsayuwar icce ita ce abin da muka aro, don haka ku saurara. Wani mutum ya sayi gona da tsamiya a ciki, yana son ya sare don inuwarta tana kashe masa gero. A can ba a zaure ake wannan magana ba, sai an je gindin iccen, da maza da mata da makiyaya. Muka je. Baba Issufu ya dafa tsamiyar ya ɗaga murya: "Wa ka cin wanga icce?"

Mai gona ya ce shi, don ƙasarsa ce. Wani Bafulatani ya ce shi, don nan shanunsa suke hutawa in an cire amfani. Sai wata mata ta fito daga cikin mata ta ce, "Ni ka ci. Uwar mijina ta bar mini 'ya'yanta." Aka tambayi shaidu, suka ce haka ne. Shi ke nan. Sarewa daga tushe sai duk masu ci sun yarda, ita kuwa ta ce ba ta yarda ba. Sai aka ba mai gona damar rage rassan da suka rufe masa shuka, itacen kuma nasa. Ya yi gunaguni, aka ce ya je ya sha fura. Wanda kuma ya sare a ɓoye, zai dasa wasu ya yi ta ba su ruwa har su kama, kowa yana wucewa yana yi masa sannu da aiki.

Na tambayi abin da yake damunmu, in mugun mutum ya ɓuya fa? Baba Issufu ya ce in tsuguna in duba. Na tsuguna. Duk itatuwan an share musu rassan ƙasa har sama da kan mutum, kana hango ƙafar jaki daga gona ta uku. Malam Sahabi ya yi ta gyaɗa kai, ya ce kyautar da aka bayar aka karɓa, ga shaidu, ba ta faɗuwa don an sayar da ƙasa, bai ga abin da ya saɓa ba.

Murna ta kama ni har na fara tsara yadda za ni gaya wa Inna. Sai Gwaggo ta ƙara da cewa sharaɗi ɗaya ne ba a ɗagawa: mai ci sai ya tsaya da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa, in dai ba ciwo ya kwantar da shi ba. Wanda bai zo ba ya bar haƙƙinsa. Na ce ba a aiko wakili? Ta ce, "Da can maza ka tsaya muna. Sai mu ji sun gaisa, sun yi dariya, gobe mu tarar da kututture. Mu munka sa wanga sharaɗi, kada ku cire shi." Na rubuta, amma na san Inna ba ta taka hanyar gona.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya tambayi Kawu ko dokar ta shiga jaka, kuma duk hanya ina kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. A zauren Maigari muka zayyana abin da muka gani. Aka ja, aka sassauta, aka ƙara cewa ranar tsayuwa 'yan sa-kai za su raka jama'a. Ni na rubuta da boko, Malam ya rubuta da ajami. Alhaji Mamman ne ya fara cewa ya yarda, har da sharaɗin tsayuwa da ƙafa, musamman ma shi. Ya san Inna kamar yadda kowa ya santa. Aka sa kukarta ta zama ta farko.

Na gaya mata komai a ɗaki. Ta saurara, sannan ta ce, "Hassi ta ji daɗin daddawar?" Na ce ta ji. Na kwana da baƙin ciki, ina cewa duk wahalar nan da kwanciyar nan a banza.

Da safe na fito na tarar da ita a bakin ƙofa, ta ci ɗamara da gyale. Ta ce, "Ki wuce gaba."

Rabon da garinmu ya fita gona gaba ɗaya haka har na manta. 'Yan sa-kai a gaba, maza, sannan mu. Inna ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Da kukar ta bayyana sai ta tsaya cak, na ce shi ke nan za ta juya. Sai ta sake ɗaga ƙafa ta ci gaba.

Maigari ya dafa kukar, ya yi gyaran murya, ya ce kamar yadda muka koya masa, "Wa ka cin wanga icce?"

Alhaji ya yi magana, kuma gaskiya ba ta banza ba ce. Ya ce shi ba mugunta yake nufi ba, rassa ana iya ragewa, amma kukar nan tana da kogo ta baya wanda zai ɗauki mutum sukutum, wa zai duƙa noma ya juya wa irin wannan baya? Maza suka ce haka ne. Maigari ya dubi wajen mata.

Muryar Inna ta fito 'yar ƙarama. "Ni ka ci. Ubana ya ba ni, Bawa shaida na." Kawu ya ce ya shaida, da ƙarfi har ya yi tari. Na ɗauka ta gama. Sai ta saki hannuna ta matsa.

Ta ce, "Kuma Alhaji ya hwaɗi gaskiya, kogon yana ɗaukar mutum. Ni ya ɗauka. Ranar nan ina nan ina tsinkar ganye. Cikinsa na shiga tun hantsi har la'asar, ina jin baburansu suna wucewa ta nan inda kuke tsaye. Ban yarda a sare ta ba."

Ban taɓa sani ba. Ranar nan da yamma ta shigo gida da kashin jemage a ɗankwalinta, muka rungume ta muna kuka, ba ta faɗi inda take ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Can sai Alhaji ya zagaya bayan kukar, mu duka muka bi shi da ido. Ya leƙa kogon. Ya cire hula ya sa kai. Ya sa kafaɗa ɗaya. Ya yi ƙoƙarin sa ta biyun, tumbinsa ya ce bai san zancen ba. Sai da Kawu ya jawo shi ta baya. Ya fito da yanar gizo a gemu, ya tsaya yana numfashi, yana kallon hanyar da baburan suka bi.

Ya ce, "Maigari, a bar ta. A rage rassan ƙasa kawai." Ya shafa tumbinsa. "Amma in da hali, a ɗan hwaɗaɗa bakin kogon nan."

Inna, wadda ta goye shi yana yaro, ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ba mai taɓa mini ita da gatari. Kai dai ka rage tuwo."

Malam Sahabi ya juyo ya ce in sa wannan ma a cikin doka. Na so in sa, amma dariya ta hana ni riƙe biron.